Motsa Jiki da Aikin Gashi: Jawabi ga Jama'ar Ƙasar Yauri

Muna gai da mutanen Yelwa da Birnin Yauri, da na Ngaski da Wara da Shanga, da dukan waɗanda ke zaune a bakin Kwara da gungunan cikin ruwa. Yau za mu yi magana a kan wani magani wanda ba a sayar da shi a kanti, ba a kuma zuba shi a kwalba, watau motsa jiki. Za mu faɗi gwargwadon da ya kamata ko wane mutum ya samu, tun daga jariri har tsoho. Sa'an nan mu yi bayanin aikin nan da a ke kira gashi a asibiti, da irin taimakon da mutanen gida za su iya yi wa majinyacinsu da hannunsu.

ABIN DA ZAMA KE YI WA JIKI

Ku dubi fartanya. Wadda a ke noma da ita kullum bakinta na ƙyalli. Wadda aka jingine a bayan rumbu kuwa tsatsa ke cinye ta. Jikin ɗan Adam haka ya ke. Tsokar da ba ta aiki ta kan motse. Gaɓar da ba a lanƙwasawa ta kan ƙage. Zuciya ma tsoka ce, in ba a sa ta aiki sai ta yi rauni.

Likitoci sun gwada wannan magana sun gani. A birnin Landan akwai manyan motocin haya masu bene. Direba yana zaune wuni guda, mai karɓar kuɗi kuwa yana ta hawa da sauka. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya bi lafiyar ma'aikatan motocin nan, a shekarar 1953 ya bayyana cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma na zaune shi ya fi cutuwa.

A shekarar 1966 kuma, a birnin Dalas na Amurka, aka sami samari 5 lafiyayyu, masu shekara 20, aka kwantar da su a gado mako 3 ba tashi. Bayan shekara 30 aka sake auna su. Sai aka tarar kwanciyar mako 3 ɗin nan ta fi rage musu ƙarfin zuciya da numfashi bisa ga tsufan shekara 30. To, in haka kwanciya ta yi wa saurayi mai jini a jika, ina ga dattijon da aka bari a ɗaki wata da watanni?

AI MU MANOMA NE

Na san wani zai ce, "Malam, wannan magana ta mutanen birni ce. Mu da ke noma da su, wane motsa jiki ya rage mana?" Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Wanda ke riƙe da garma ko filafili wuni guda ba ya bukatar a ce masa ya yi gudu. Sai dai mu duba yadda zamanmu ya sake.

An gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya cika, aka ta da mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu da gungunansu aka zaunar da su a sababbin wurare. Kafin wannan lokaci, da kuma shekaru bayansa, Bagunge da hannu ya ke ban ruwan albasarsa, Basarke da filafili ya ke tuƙa jirginsa, mace a kan dutse ta ke niƙa, mai zuwa cin kasuwar Yelwa kuwa da ƙafa ya ke zuwa. Yau inji ke ja ruwa, inji ke tura jirgi, inji ke niƙa, babur kuma ke kai mutum ko da nan da bakin masallaci ne. Mun gode Allah da wannan sauƙi, ba wanda ke so a koma wahalar da. Amma abin da jiki ya saba samu a cikin aiki, yanzu tilas mutum ya neme shi da gangan.

Saboda haka mutanenmu sun kasu uku. Akwai masu yawan zama: ɗan tireda, da tela, da malamin ofis, da mai achaba, da matan da ba su fita. Waɗannan su ne hawan jini da ciwon suga da ƙiba ke nema. Akwai masu aikin ƙarfi waɗanda wuri ɗaya na jikinsu ke shan wahala, kamar bayan mai dashen albasa ko kafaɗar mai jefa birgi. Akwai kuma majinyata da tsofaffi waɗanda, don tausayi, a ke hana su motsi har su ƙage. Ko wane kashi da irin shawararsa.

GWARGWADON KO WANE MUTUM

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a shekarun 2019 da 2020. Ga shi a taƙaice.

Jariri. Goyo abu ne mai kyau, amma kada yaro ya wuni a baya. In yana farke, a shimfiɗa tabarma mai tsabta a kwantar da shi rub da ciki, uwa na kusa tana kallonsa, kaɗan kaɗan har a tara minti 30 a rana. Da haka wuyansa da bayansa ke ƙarfi, ya yi zama da rarrafe a kan lokaci. In barci zai yi kuwa, a kwantar da shi rigingine.

Yaro mai shekara 1 zuwa 4. A bar shi ya yi ta wasa da guje-guje, kamar awa 3 a cikin wuni. Kada a ba shi waya ya zauna yana kallo don a huta da ƙiriniyarsa.

Mai shekara 5 zuwa 17. Minti 60 ko wace rana na wasan da ke sa haki, irin su langa, da kokawa, da ƙwallo, da tsallen igiya, da gaɗa. 'Yan mata ma haka, gama ƙashin da yarinya ta gina a ƙuruciya shi za ta ɗauki ciki da shi, shi kuma za ta tsufa da shi.

Iyo yana cikin wasanni mafiya amfani, ɗan bakin ruwa kuwa lalle ya iya shi, domin wata rana shi zai ceci ransa. Kun ga yadda samarinmu ke nuna gwaninta a bikin Rigata. Amma a kula da abu biyu. Kada yaro ya shiga ruwa ba babba a kusa. Kuma ruwan da ya kwanta a gefen tafki, mai ciyawa da katantanwa, nan a ke ɗaukar tsargiya. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kawo shi ɗakin magani, akwai ƙwayar da ke kashe ta.

Babba. Minti 150 a mako, in da hali har 300. Lissafi mai sauƙi shi ne minti 30 a rana, kwana 5. Yaya za ka san ya isa? Ka yi tafiya da sauri har jikinka ya ɗumama, numfashinka ya ƙaru, amma kana iya magana da abokin tafiyarka. Ba tilas ne a yi shi gaba ɗaya ba, minti 10 da safe, 10 da la'asar, 10 bayan magariba duk lissafi ne. Ka ajiye babur ka taka zuwa masallaci ko majami'a ko kasuwa. Matar da ba ta fita tana da tsakar gida: daka, da shara, da jan ruwa a rijiya, da zagaya gida da sauri. Ban da wannan, kwana 2 a mako a yi abin da ke ƙarfafa tsoka, kamar ɗaukar kaya madaidaici ko tsugunawa da miƙewa.

Mai ciki. Ciki ba cuta ba ne. Tafiya da aikin gida madaidaici suna taimakonta. Ta bar ɗaukar kaya mai nauyi, ta riƙa zuwa awo. In ta ga jini, ko jiri, ko kumburin fuska da hannu, ta dakata ta zo a duba ta ran nan.

Tsoho. Babban abin tsoro ga tsoho shi ne faɗuwa, gama karayar ƙugu ta kan kwantar da shi, kwanciya kuwa ta kan kawo ciwon huhu da gyambo. Don haka kwana 3 a mako ya yi abin da ke gyara tsayuwarsa. Ya zauna a kujera ya miƙe, ya zauna ya miƙe, sau 10. Ya dafa bango ya ɗaga ƙafa ɗaya yana ƙirga 10, kana ya sake ɗayar. Ya riƙa fita gaisuwa da ƙafarsa. Ku 'ya'ya da jikoki, girmama tsoho wajibi ne, amma in kuka hana shi ko ɗaukar buta, kun gaggauta masa tsufa. Riƙe sanda kuma ba abin kunya ba ne.

MENE NE GASHI

A manyan asibitoci akwai sashen da jama'a ke kira wurin gashi, ko gashin ƙashi. Sunan ya samo asali ne daga fitilu da na'urorin ɗumama jiki da mutane ke gani a wurin. Amma ɗumi shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Ainihin aikin likitan gashi shi ne ya auna gaɓar da ta ƙage da tsokar da ta yi rauni, ya tsara irin motsin da zai maido da su, ya koya wa majinyaci da danginsa, ya kuma zaɓa masa sanda ko takalmi ko keken da ya dace.

Wannan aiki ya shigo Nijeriya a shekarar 1945, a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966. A Arewa, asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ya yi suna a kansa, Jami'ar Bayero kuma tana horar da masu yinsa. Mutumin ƙasar Yauri ya fara zuwa ɗakin magani na garinsu, daga nan a tura shi Babban Asibitin Yelwa. In abin ya fi ƙarfin nan, a ba shi takarda zuwa Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Hanya da nisa, kuɗin mota da yawa, ba kowa ke iya zuwa ko wane mako ba. Saboda haka in kun je, ku tafi da mutum ɗaya mai hankali daga cikin gida. Ya tsaya ya kalli abin da a ke yi, ya gwada da hannunsa a gaban ma'aikaci, ya tambayi sau nawa za a yi a rana. Awa ɗaya a asibiti ba ta warkar da kowa. Abin da a ke yi a gida safe da yamma shi ke ta da majinyaci.

SHANYEWAR ƁARIN JIKI

Mutum yana zaune lafiya, sai baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Sau da yawa a kan ce iska ce ta buge shi. Ga abin da ke faruwa. Jijiyar jini ce a cikin ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, mafi yawa saboda hawan jini da aka daɗe da shi ba a sani ba. In ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya taɓu, sai dama na jiki ya shanye, in na dama ne, sai hagu. Ku yi addu'a, amma ku ɗauke shi zuwa asibiti nan take, kada ku jira gobe. Kada kuma a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu kafin a tabbata yana iya haɗiya, domin abin na iya wucewa cikin huhu.

Bayan an sallamo shi, watanni 3 na fari su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa. Wanda aka bar shi kwance a wannan lokaci ana jiran ya warke tukuna, ya yi babbar hasara. Ga aikin mutanen gida.

Na ɗaya, in ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi bayan ko wace awa 2, a kula shimfiɗarsa ta zama a bushe. A duba ƙugu da duwawu da diddige kullum. Wurin da ya yi duhu ko ya yi zafi, gyambo ne ke shirin fitowa.

Na biyu, safe da yamma a kama ko wace gaɓa ta wajen da ya shanye, yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa, sa'an nan ƙugu da gwiwa da idon sawu, a lanƙwasa a miƙe a hankali sau 10. In ya ji zafi a tsaya nan, kada a tilasta.

Na uku, kada a taɓa jan shanyayyen hannu don a ta da shi. Kafaɗar ba ta da tsokar da ke riƙe ta, tana iya gocewa, ta bar shi da ciwon da ba ya ƙarewa. A tallafe shi ta ƙugu da baya. In yana zaune a ɗora hannun a kan matashi.

Na huɗu, a zaunar da shi, daga baya a tsai da shi, daga baya ya taka yana dafa gora da aka kafa a tsakar gida kamar shinge. A bar shi ya ci abinci da kansa ko da zai zubar. A riƙa yi masa magana ta wajen da ya shanye.

Na biyar, maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi. Wanda ya bari, ciwon na iya komowa, na biyu kuwa ya kan fi na fari muni. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa a auna jininsa. In awo ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, lalle ya ga likita, ya kuma rage gishiri da kanwa.

KARAYA DA ƊORI

Tun da babura suka yawaita, karaya ta yawaita. Mun san mutane da yawa wurin mai ɗori su ke fara zuwa. Ga abin da ya wajaba kowa ya sani. Gaɓar da ta karye ta kan kumbura a kwana biyun fari. In an ɗaure ta tam da kara da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. In kuka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun fara baƙi, ko mutum ba ya jin taɓi, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ku sassauta ɗaurin nan da nan ku nufi asibiti ran nan. Yara da yawa sun rasa hannu a kan karayar da ba ta kai ta kawo ba. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙugu, da ta baya ko wuya, da ta kusa da gwiwar hannun yaro, waɗannan na asibiti ne tun daga fari.

Ƙashin hannun babba ya kan ɗauki kamar mako 6 kafin ya haɗe, na ƙafa ya kan kai wata 3, na yaro ya fi sauri. A cikin wannan lokaci a riƙa motsa yatsu da sauran gaɓoɓin da ba a ɗaure ba. Ran da aka kwance, za a ga hannun ya rame ya sandare. Wannan ba alamar ɗori ya ɓaci ba ce, rashin aiki ne. A sa shi a ruwa mai ɗumi, a riƙa lanƙwasawa kaɗan kaɗan ko wace rana. Kada wani ƙaƙƙarfa ya murɗe shi da ƙarfi wai don ya saki.

Wanda ya ƙone ma haka. Fatar ƙuna in tana warkewa ta kan tsuke. In an bar hannu a naɗe, a naɗe zai warke. A tambayi ma'aikaci yadda za a miƙar da shi.

A kula kuma da ruwan zafi da garwashi. Mai kuturta, da mai ciwon suga, da wanda jikinsa ya shanye, ba su jin zafi sosai a wurin da ya mutu. Mai jinya ya fara gwada ruwan da gwiwar hannunsa.

YARA MASU RAUNIN GAƁA

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe ciki, ana gyara shi ba tare da babban aiki ba in an kawo shi a makonnin fari. Ana miƙe ƙafar a hankali a sa filasta, a sake ko wane mako kamar sau 5 ko 6, daga baya ya riƙa sa wani takalmi da dare har ya kai shekara 4 ko 5. Wanda aka bari har ya fara tafiya, gyaransa da wuya.

Haka yaron da ya wuce wata 6 bai riƙe wuya ba, ko ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko aka haife shi hannu ɗaya a sake bayan doguwar naƙuda. A kawo shi da wuri, kada a ɓoye shi a ɗaki.

Shan inna ta gurgunta yara da yawa a ƙasar nan. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka, amma wani irinta yana ɓullowa har yanzu a inda ba a yi wa yara rigakafi ba. Ku ba da yaranku a ɗiga musu. Yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya a sanar da ɗakin magani ran nan. Kada kuma ku bar wanda bai koyi aikin ba ya yi wa yaro allura a duwawu, gama akwai babbar jijiya a wurin, in allura ta same ta ƙafa na iya shanyewa.

CIWON BAYA

Mai dashe, da mai yankan shinkafa, da mai loda buhunan albasa, duk sun san shi. Mafi yawansa ya kan tafi cikin 'yan makonni, kwanciya mai tsawo kuwa ƙara shi ta ke yi. Ka huta kwana ɗaya ko biyu, ka tashi ka riƙa takawa. In za ka ɗauki kaya, ka matso kusa da shi, ka lanƙwasa gwiwa, ka miƙe da ƙarfin cinya, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. In kana aikin sunkuyo, ka riƙa miƙewa kana dafa ƙugu lokaci lokaci. Amma ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama da tari, ko ƙafafu suka yi rauni, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan na likita ne da gaggawa.

GARGAƊI NA ƘARSHE

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 5 ko 10, ya riƙa ƙarawa ko wane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Lokacin bazara a yi da sassafe ko da yamma, a sha ruwa da yawa. Mai zazzaɓi ya bari sai ya warke. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take ya nemi likita. Mai ciwon zuciya ko suga ya yi shawara da ma'aikacin lafiya kafin ya fara.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda kuma ke da majinyaci kwance a gida, kada ya jira sai ran kasuwa. Yau da yamma ya juya shi, ya miƙe masa gaɓoɓi, gobe ya zo ɗakin magani a nuna masa sauran.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.